Ɗaki Biyu da Tsakar Gida

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In magana ta kama sai ta ce "ke", ko ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa waccan." Na yi aure, na haihu har biyar, ba abin da ya canja. Na fara da wannan ne saboda wanda bai san kunyar matan zamanin da ba, zai yi mamakin yadda uwa za ta shekara uku tana gararamba a gidajen mutane, tana gari ɗaya da 'yarta, amma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce mata ta gaji ba.

Baba ya rasu a ƙarshen 2019, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Gidanmu a cikin Badala yake, irin tsohon ginin ƙasar nan mai soro biyu da rufin azara, da rijiya a tsakar gida. Ya bar mata biyu da 'ya'ya 14, maza 6, mata 8. Inna da abokiyar zamanta suka yi takabarsu ta wata huɗu da kwana goma a ɗakunansu. Suna fita sai ga kullen korona a watan Afrilun 2020, aka rufe Kano, kowa ya ji da abin da zai sa a baki. Da gari ya buɗe aka tada maganar gado.

Ban riƙe kowa a raina ba kan sayar da gidan. Gida ɗaya ba ya yankuwa kashi ashirin, kuma a cikinmu akwai mai bashi a wuya, akwai mai neman jari, akwai wanda aure ya taso masa. Bayan an biya bashin da ake bin Baba, an cire la'adar dillalai, naira miliyan 16 ta rage. Malamin da ya yi rabon ya fitar da tumunin takaba, miliyan 2, matan biyu suka raba, kowacce miliyan ɗaya. Maza suka tashi da miliyan ɗaya da dubu 400 kowanne, mu mata dubu 700. Rabon Allah ne, ba a ci wa kowa sisi ba. Sai dai a ranar ba wanda ya tsaya, har da ni, ya tambayi inda matar da ta shekara 38 a ɗaki ɗaya za ta kwana idan wanda ya sayi gida ya karɓi makullinsa.

Mutum ɗaya ne ya hango. Kawu, ƙanin Inna, ya kira ni da ƙanena, wanda shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, ya ce mu haɗa miliyan ɗin Inna da abin da za mu iya, mu sayi ɗan fili a gefen gari ko awon igiya ne, irin wanda ake yankawa a gona a sayar, mu tada mata ɗaki guda ko na jar ƙasa. Ya ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Muka ƙi. Na tuna abin da na ce masa kamar yanzu: "Haba Kawu, me duniya za ta ce? Mu kai uwarmu bayan gari mu ajiye a ɗaki ɗaya kamar ba ta haifa ba?" Ni da ƙanena muna hangen gida mai ɗaki uku da falo, da tayil, a unguwar da ake faɗin sunanta ba a jin kunya. Muka ce a juya kuɗin a kasuwa, in sun yi auki sai a yi abu mai kyau gaba ɗaya. A shekarar buhun siminti yana wajen naira 2,600. Miliyan ɗin Inna ita kaɗai za ta sayi buhu kusan 380. Har yau in na yi wannan lissafi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Wata uku mai saye ya ba mu. Akuyoyinta aka fara kaiwa kasuwa, don ba gidan da za a karɓi baƙuwa da dabbobinta. Turminta ta bai wa maƙwabciya ajiya. Tasoshi da kwallayen jerenta aka zuba a buhu. Ƙanena ya ɗauke ta zuwa Kurna inda yake haya, ciki da falo, shi da matarsa da yara uku. A falo take kwana da jikoki. Sai an gama kallo an kashe talabijin take shimfiɗa, da asuba kuma ta naɗe katifarta ta tura bayan ƙofa kafin kowa ya fito. Matar ƙanena ba ta yi mata komai ba, ni shaida ce, amma wuri in ya ƙure, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Bayan wata biyar maigidana ya ce in ɗauko ta, ya kwashe kayansa daga ƙaramin ɗaki ya bar mata. Nan na ga abin da ya fi ƙarfina. Inna ba ta cin abinci muddin yana cikin gida. Ba ta fitowa tsakar gida sai ta ji tashin babur ɗinsa. In ya durƙusa a bakin ƙofa zai gaishe ta, ta juya fuska bango ta amsa ƙasa-ƙasa, mayafi har goshi. Bawan Allahn nan ya koma zaman majalisa har ƙarfe goma na dare don ta sake, ita kuma tana ganin ta kori mutum daga gidansa. Wata huɗu ta yi, rigunanta suka fara yi mata yawa. Ranar nan sai ga Kawu, ya ce yayarsa ta aiko shi: a nema mata ɗakin haya, zaman gidan suruki ba nata ba ne.

Ɗakin da aka samu a gidan haya ne mai ɗaki shida, banɗaki ɗaya. Kuɗin nan kuwa da muka ce za a juya, ba ɓarawo ne ya ɗauka ba, rayuwa ce ta dinga gutsura. Kuɗin haya, maganin hawan jini da na ciwon gwiwa, kayan ɗakin autarmu da aka aurar a 2021, da wani hatsi da ƙanena ya saya ya ajiye, ƙwari suka shiga. Kafin mu farga abin da ya rage na Inna bai fi dubu 400 ba, kayan gini kuma kullum sama suke yi. Muna nan muna jiran gawon shanu.

Abu biyu suka tashe ni daga barcin, kuma a mako ɗaya suka zo.

A daminar 2022 auta ta haihu, haihuwar fari. Kowa ya san 'ya mace gida take zuwa wanka, ta yi arba'in a gaban uwarta, a dafa mata ruwa safe da yamma, a dama mata kunun kanwa. Inna ta sayi itace ta tara a bakin ƙofarta, ta ari babbar tukunya. Sai matar mai gidan ta aiko cewa ba a hura wutar itace sau biyu a rana a tsakar gidan nan, hayaƙi yana shiga wa mutane ɗaki, kuma banɗaki ɗaya ba zai ɗauki mai jego ba. Gaskiyarta ce ta wani fannin. Dangin miji suka ɗauki yarinya, a can ta yi wanka. Na je na tarar da Inna tana zaune tana ninke 'yan rigunan jariri da ta saya, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa. Ba ta dube ni ba. Wata tsohuwa 'yar'uwarta a haya take gaya wa, amma da muryar da ta san zan ji: "Macen da ba ta da inda 'yarta za ta zo wanka ai baƙuwa ce a duniya."

A daren na nemi izini na kwana wurinta. Wajen ƙarfe uku da rabi na ji motsi. Na buɗe ido na gan ta tana laluben buta da tocila, tana dafa bango saboda gwiwa. Na ce, "Inna, ai da sauran lokaci, ko kiran farko ba a yi ba." Ta ce, "Kwanta." Da safe tsohuwar nan ta gaya mini kullum haka take yi, don kada asuba ta yi ta tsaya layin banɗaki da samarin gidan, sa'o'in jikokinta. Fiye da wata goma tana haka ban sani ba. Na koma gida, ko mayafi ban cire ba na ce wa maigidana, "Abban yara, zan yi wa Inna ɗaki. Ko ɗaya ne." Ya ce, "Da wane kuɗin?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "To, bismillah."

Ni malamar firamare ce, ina kuma ɗaukar atamfa da zannuwan gado a Kantin Kwari ina bayarwa bashi ana biya a ƙarshen wata. Gadona yana cikin wannan jari, na janye shi duka. Na kai sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefena wurin 'yan gwal aka auna. Na shiga adashin malamai, mu 20, dubu 10 duk wata, na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar farko-farko. Ƙannena mata suka kawo abin da suka samu. Sauran kuɗin Inna ma aka zuba a ciki.

Karon farko da dillali na sha kashi. Ya nuna mini fili, na ba da kafin alƙalami dubu 100, bayan sati biyu na koma na tarar an sauke wa wani bulo a wurin. Ashe mutum biyu ya sayar wa. Sai da aka yi zama uku a gaban mai unguwa kafin dubu 60 ta dawo, sauran na bar shi da Allah. Daga nan na ajiye girman kai na koma wurin Kawu, wanda ko sau ɗaya bai ce mini "ai na gaya miki" ba. Shi ya koya mini yadda ake sayen awon igiya. A fara gano asalin mai gonar da aka yanka. In gado ce, a tabbatar duk magada sun yarda, har mata. A tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, a ji ko wurin hanya ce, ko hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. A je da damina ko a tambayi wanda ya ga wurin da damina. Kuɗi kuma kada su fita sai a gaban mai unguwa da shaidu. Ya kuma fahimtar da ni cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, satifiket ɗin gwamnati daban yake, kuma shi ma a sa shi a gaba in hali ya yi.

A ƙarshen 2022 muka samu can bayan Gaida, ta hanyar Panshekara, a ƙaramar hukumar Kumbotso. Ƙafa 25 faɗi, ƙafa 50 tsawo. In ka tsaya a tsakiya ka yi magana a hankali, na kowace kusurwa zai ji ka.

Da aka zo rubuta takarda sai maganar suna ta taso. Wata aminiyata ta ja ni gefe ta ce in sa sunana, tunda kuɗina ya fi yawa. In na sa na Inna, ranar da ta faɗi ya zama gado, ƙanena ya ɗauki kashi biyu ni ɗaya. Ba ƙarya ta yi ba, kuma na kwana biyu ina juya maganar. Amma na ga in sunana ne a takarda, to na sake ɗauko ta ne daga gidan wani na kai ta gidan wani, ko da wanin 'yarta ce. Matar da ta ƙi cin tuwo a gidan suruki za ta san bambancin. Na tambayi malamin Islamiyyarmu, ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa, saboda haka in ba ta a gaban shaidu, kada in bar abin a baki. Haka aka yi. Aka rubuta sunanta da na mahaifinta, ta dangwala babban yatsa. Kafin ta dangwala sai da ta sa Kawu ya karanta mata sau biyu.

A nan zan ɗan ratse. Maza masu hali, ku ji tsoron Allah ku yanka wa iyalinku wuri tun kuna raye, a rubuta, a yi shaidu. Tumuni in mata biyu ko uku suka raba shi, ba ya sayen ko soro a Kano ta yau. Na san tsofaffi da yawa da suka haifi manyan mutane suna yawo da ƙullin kaya daga gidan wannan ɗa zuwa na wancan, wata uku-uku, kowa yana ƙirga kwanakinsa.

Na sa wani ɗan maƙwabcinmu mai karatun zanen gini ya zana mini taswira: ɗaki uku ƙanana da falo, an cinye filin kaf, sai wani siririn lungu. Na ji daɗinta ƙwarai. Muka ɗauki Inna a adaidaita sahu muka kai ta ta ga wuri. Ta sauka, ta ƙi karɓar takardar, ta taka filin da ƙafarta daga wannan turke zuwa wancan, tana dogara sanda. Sannan ta dubi magini, ba ni ba, ta ce, "Malam, a ina zan yi shanya? A ina zan ɗaure akuya? Wanda ya zo gaisuwa a ina zai tsaya ya yi sallama?" Ta ce ɗaki biyu sun ishe ta, ɗaya nata, ɗaya na duk 'yar da ta zo. Falo ba ta so, tsakar gida ce falonta. A yi mata ɗan soro ko tabarma ɗaya ce za ta shiga. Kada ƙofar ɗaki ta kalli gabas, don daga gabas hadari yake tasowa, feshi zai dinga shigar mata. Magini ya yi dariya ya ce, "Hajiya ta riga ni." Ya ƙara da cewa banɗaki ma za a karkata shi, kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Na naɗe taswirata na sa a jaka. Da sandarta aka zana gidan a ƙasa.

Maginin dattijo ne, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya hana ni sayen bulo a gidan bulo. Ya ɗauki guda ɗaya daga samfurin da aka kawo, ya kankare da farce, yashi ya zubo, ya sake shi daga daidai ƙugunsa ya tarwatse. Ya ce wasu suna buga sama da 60 a buhu guda. Muka sayo yashin rafi tifa biyu, aka kawo masu bugu suka buga a wurin, inci shida, ba a wuce 45 a buhu ba, guda 1,400. Lokacin hunturu ne, iska tana busar da komai, bulo kuma in bai sha ruwa ba ba ya ƙarfi. Ƙanena ya ɗauki wannan. Kullum bayan asuba ya hau babur daga Kurna, ya sayi ruwa wurin 'yan garuwa ya shayar da bulo kafin ya wuce kasuwa, sati guda cur. Kuɗi bai samu ya ba da da yawa ba, kuma na san abin yana cin sa, amma duk Lahadi yana wurin, yana ɗaukar bulo a kafaɗa tare da leburori. Wanda ya ce bai yi komai ba a ginin nan ya yi ƙarya.

Muna cikin haƙa harsashi canjin kuɗi ya zo, farkon 2023. Kuɗi suna banki, hannu babu. Lebura ba ya cin tiransifa, da yamma yana son abin da zai auno gari. Na sha tsayawa layin masu cirar kuɗi daga tashi makaranta har la'asar, in ba da ladan da bai kamata ba, in fito da abin da bai fi sallamar mutum uku ba. Wata rana garin masara da taliya na auno bashi a shagon unguwarmu na sallami ma'aikata da su, suka karɓa suna godiya. A haka aka kai linta kafin ruwa ya sauka. Nan kuɗi suka ƙare ƙaf.

A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin dako da na mota suka ninka, masu bashina na atamfa suka fara ɓuya. A watan Yuni aka shiga rusau a cikin gari. Ko da yake abin bai shafi irin wurinmu ba, na kwana ina juyi, na tashi na ɗauko takardar na sake dubawa. Damina ta wuce a kan ginin ba rufi. Na je a watan Agusta na tarar tafasa ta fito a ɗakin Inna har gwiwa, awakin unguwa sun mai da ɗayan wurin kwana. Na tsaya a inda ƙofa za ta kasance na yi kuka mai isata. Abin da ya kwantar mini da rai, bulon nan ko gezau bai yi ba, alhali katangar wani maƙwabci da ya sayi na kasuwa ta kwanta.

Rufi ya samu ne da kwasar adashi ta biyu, da babur ɗin maigidana. Bai yi shawara da ni ba. Na ga ya dawo a ƙafa, na tambaya, ya ce ya sayar, zai sayi na hannu in an kwana biyu. Ya ce, "Ni ma uwata ce. Amma kada ki gaya mata." Har yau ba ta ji daga bakina ba, ko da yake ina zaton ta sani. Muka sayo katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kafinta ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Kwano bandir uku, ƙusa, ƙyauren ƙarfe da tagogi daga Ƙofar Ruwa. Ƙyauren soro na hannu ne, an cire shi daga wani gida da ake gyarawa, muka sa aka yi masa fenti.

Saura daɓe da filasta, sai siminti ya haukace. A watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge aka yi maganar dubu 7 zuwa 8. Abin da yake 2,600 lokacin da Kawu ya ba mu shawara. Magini ya ce buhu 30 ake bukata a gama komai, ni kuwa na 11 nake da shi. Na ce a dakata sai bayan salla, ba zan sa uwata a gidan da bulo yake tsirara ba. Ashe tsohuwar cutar ce take son dawo mini. Sai ga saƙo ta bakin auta: "Inna ta ce a gaya miki ba za ta sake azumi a gidan haya ba. Ko ba ƙyaure ta shiga."

Buhu 11 ɗin aka raba da dabara. Aka yi wa ɗakinta daɓe da filastar ciki, aka yi banɗaki da ramin shadda, ɗaya ɗakin daɓe kawai. Dokin ƙofa aka yi shi gajere yadda ba sai ta ɗaga ƙafa sosai ba. A banɗaki mai walda ya kafa mata ƙarfe a bango wanda za ta kama ta miƙe, don ta ce ita na tsuguno ta sani. Madafi kuwa rumfa ce ta ragowar kwano huɗu, da murhu na duwatsu uku da ta zaɓa da kanta.

Saura mako guda a ɗauki azumi ta tare, a farkon Maris. A-kori-kura ɗaya ta kwashe duk abin da ta mallaka. Almajirai suka yi sauka da safe, aka raba waina. Ta shiga da ƙafar dama, ta wuce ɗakinta ta ja ƙyaure, ta daɗe ba ta fito ba. Muna tsakar gida muna jin tana salla. Da ta fito abin da ta fara cewa shi ne a je cikin gari a karɓo mata turminta.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Azumin nan ta sha zafi, kwano ba sili, rana tana dukansa tun hantsi, sai ta jiƙa zani ta rataya a taga, da dare ta kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Sai bayan babbar salla muka sa sili da 'yar sola mai ɗaukar fanka ɗaya da ƙwai biyu. Unguwar ba famfo, ruwa saye ake yi. Da damina adaidaita ba ya shiga layin, sai a sauka a titi a taka. Asibiti ya yi mata nisa, ranar ganin likita tun asuba ƙanena yake zuwa. Bayan gidan har yau bulo ne tsirara, satifiket ma ba mu kai gare shi ba. Bashin da na ci sai kwanan nan na gama biya, kuma jarina bai koma yadda yake ba.

Amma Inna ta yi ƙiba. Ta dasa zogale biyu a jikin katanga da lalle a bakin kwata. Ta sayi tunkiya, ta ce akuya ɓarna gare ta a ƙaramin gida. Yaran layin sun gano tana sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, soron nan mai cin tabarma ɗaya ba ya rabuwa da sallama. Abokiyar zamanta ta zo ta kwana biyu, suka raba dare suna hirar mutanen da. Maigidana in ya je gaisuwa a soro yake tsayawa, ita tana daga tsakar gida, kuma a nan ne na fara jin ta amsa masa da cikakkiyar murya, har tana tambayarsa aiki.

A ƙarshen 2024 auta ta sake haihuwa. Ba al'ada ba ce a zo wankan gida a haihuwa ta biyu, amma Inna ta aika wa dangin mijin cewa tana bin su bashi. Suka yi dariya suka kawo ta. Na je ran kwana uku da haihuwa da sassafe, na tarar hayaƙi ya turnuƙe gidan, babbar tukunya tana tafasa a murhu, ganyen darbejiya a jiƙe a bahon wanka, Inna da ɗaurin ƙirji tana iza wuta tana faɗa da auta kan ta ƙi shanye kunu. Ba wanda ya aiko ya ce a rage wuta.

Da zan tafi na leƙa na ce, "Inna, na wuce." Ta ce, "To." Na kai soro sai na ji ta kira 'yata ta biyu, wadda take zaune wurinta tun da ta tare. Yarinyar ta biyo ni da gudu, hannunta a dunƙule. Ta buɗe, makulli ne guda biyu a zaren lilo, na soro da na ɗaki na biyu. Ta ce, "Inna ta ce in ba ki. Wai ki riƙe, ba sai kin yi sallama an buɗe miki ba." Na juya, ina hango ta ta ƙofar soro, ta ba ni baya, tana tura itace a murhu.